Mota a Zonkwa, Fayil a Abuja: Yadda Giɓin Inshora Ke Cinye Rangwamen Mai Mota

A bayan gidanmu da ke Zonkwa akwai wata bishiyar mangwaro da ta girmi dukkanmu. A ƙarƙashinta yayana ya jingine motarsa a watan Agustan 2023. Ya cire batir, ya lulluɓe ta da tamfol, ya miƙa wa mahaifiyarmu makulli, sannan ya hau motar haya ya koma Abuja. Motar lafiyarta ƙalau a ranar. Albashi ne ya kasa ɗaukar ta.

Duk ma'aikacin tarayya yana tuna wancan lokaci. Daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya furta cewa tallafin man fetur ya ƙare, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Yuli kuma ta kai 617 a Abuja. Wanda ke kwana a Kubwa yana aiki a Sakatariyar Tarayya sai ya ga kuɗin man wata guda yana neman cinye kuɗin cefane. Wasu suka sayar da motocinsu, wasu suka kafe su a ƙofar gidan haya, wasu kuma, irin yayana, suka kai su gida inda akwai fili da idon dangi.

Motar Toyota Camry ce, ya saye ta a 2017 da rancen ƙungiyar gama-kai ta ma'aikatarsu. Sharaɗin rancen ne ya tilasta masa yi mata cikakkiyar inshora, bayan ya gama biya kuma bai daina ba. Shekara shida yana sabuntawa, bai taɓa neman diyyar ko kwabo ba. Har wata rana da mai tasi ya goge masa ƙofa a shataletalen Berger, daga aljihunsa ya biya mai gyaran jiki da mai fenti, don kada sunansa ya shiga littafin masu neman diyya. Inshorar ta ƙare a ƙarshen Satumban 2023. Saƙon tunatarwa ya shigo wayarsa sau biyu, ya karanta ya share. A ganinsa, motar da ba ta taka kwalta ba ta da abin da za a yi mata inshora a kai.

A watan Nuwamban 2025 aka ƙara masa girma, ya ƙuduri dawo da motar hanya kafin hutun ƙarshen shekara. Bakanike ya zo daga Kafanchan ya sauya tayoyi, ya zuba sabon baƙin mai, ya kori ɓerayen da suka yi sheƙa a gaban injin. Duk wannan yayana ya yi tsammaninsa, ya kuma tanadi kuɗinsa. Abin da bai tsammata ba shi ne amsar da ya samu a kamfanin inshorarsa. Wata ashirin da shida da ya yi babu inshora sun mayar da shi sabon abokin ciniki, kamar wanda ya karɓi lasin tuƙi jiya.

Da ya kira ni a waya, muryarsa ta fi kama da ta wanda aka ci wa amana. "Ƙanena, shekara shida fa ina ba mutanen nan kuɗi ban karɓi komai ba. Yanzu su ce ba su san ni ba?"

Na ce, "Yaya, sun san ka. Tambayar ita ce, me ka riƙe a hannu da zai sa su tuna?"

Ladan da ake tarawa shekara-shekara

Abin da yayana ya rasa shi ne rangwamen rashin neman diyya. Tsari ne daɗaɗɗe a harkar inshorar mota: duk shekarar da mai mota ya kammala bai jawo wa kamfani asara ba, sai a sassauta masa kuɗin shekara mai zuwa. A jadawalin da aka saba gani a takardun inshorar motocin gida a Najeriya, rangwamen yana farawa daga kashi 20 cikin ɗari bayan shekarar farko, ya hau 25 a ta biyu, sulusi a ta uku, 40 a ta huɗu, ya tsaya a kashi 50 daga shekara ta biyar. Idan aka nemi diyya a tsakani, mai mota yakan sauka daga matakin da ya taka, ko ma ya koma farko, gwargwadon abin da yarjejeniyarsa ta tanada.

Hikimar tsarin a fili take. Kamfanin inshora ba ya zama a kujerar gaba yana kallon yadda mutum ke riƙe sitiyari. Abin da yake da shi kawai shi ne tarihi. Direban da ya yi shekara biyar yana bin hanyar Bwari da Jere da Kwoi zuwa Kafanchan, ko ta Kaduna da Kachia zuwa Zonkwa, bai taɓa kawo takardar haɗari ba, ya ba da hujjar da babu rantsuwar da za ta kai ta ƙarfi. Rangwamen farashin wannan hujja ne. Yana kuma rage wa kamfani ɗawainiyar ƙananan ƙorafe-ƙorafe, domin mai hankali ba zai zubar da rangwamen dubu ɗari saboda madubin dubu goma sha biyar ba.

Akwai abubuwa biyu game da wannan rangwame da mutane da yawa ba su lura da su ba. Na farko, na mutum ne, wato wanda sunansa ke kan takardar inshora. Idan ka sayar da mota ba ya bin ta zuwa hannun mai saye, idan ka sayi wata kuma kana iya neman a ɗora maka shi a kanta. Na biyu, yana rayuwa ne a kan tarihin da bai yanke ba. Kamfani yana iya shaidar shekarun da kake ƙarƙashin kariyarsa, amma watannin da ka fita daga littafinsa duhu ne a wurinsa. Bai san ko motar tana ƙarƙashin mangwaro ba, ko tana jigilar fasinja tsakanin Samaru Kataf da Manchok. Gwargwadon tsawon duhun, gwargwadon raguwar darajar tsohuwar hujja. Tsawon giɓin da kamfani zai yafe kuwa yana cikin sharuɗɗan yarjejeniya da manufar kamfanin, shi ya sa amsar da maƙwabcinka ya samu a nasa kamfani ba lalle ta zama taka ba.

Katangar kashi biyar

Kafin mutum ya shiga jayayya da kamfani, ya kamata ya san iyakar abin da yake nema. A watan Disamban 2022 Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta fitar da sabon farashi da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2023. Inshorar tilas, wadda ke biyan mutumin da ka yi wa ɓarna kaɗai, ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, diyyar dukiyar da take biya kuma ta tashi daga miliyan ɗaya zuwa miliyan uku. Wannan kowa ya ji shi, domin ya jawo surutu. Sashen da bai samu kulawa ba shi ne wanda ya ce kuɗin cikakkiyar inshora ba zai gaza kashi 5 cikin ɗari na ƙimar motar ba, bayan an cire kowane irin rangwame. Hukumar ta yi haka ne don ta tsayar da gasar karya farashi, wadda ke sa kamfani ya karɓi kuɗin da ba zai ishe shi biyan diyya ba ranar da aka zo nema.

Ma'anar wannan ga mai mota ita ce rangwame yana da ƙasan da ba ya wucewa. Idan kamfani ya riga ya yanka maka kashi 5, babu sauran inda zai sauka, kome tsabtar tarihinka. Idan kuwa ya yanka maka sama da haka, a tazarar da ke tsakanin farashinsa da kashi 5 ne tarihinka ke aiki.

Tazarar ba ƙarama ba ce a yau, domin darajar motoci ta yi tashin gwauron zabo tun da aka saki naira a watan Yunin 2023. Motar yayana, duk da tsufan da ta ƙara, an ƙiyasta ta a kan naira miliyan tara. A matsayinsa na sabon shiga an nemi ya biya kashi 7, wato naira 630,000. Da tarihinsa yana nan daram, da yana da bakin neman kashi 5, wato 450,000. Bambancin naira 180,000 ne a shekara guda, ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sau biyu da rabi. Wannan shi ne kuɗin saƙonnin nan biyu da ya share.

Hanyoyin da giɓi ke shigo wa ma'aikaci

Tsadar mai hanya ɗaya ce kawai. Aikin gwamnati cike yake da wasu.

Akwai wanda aka tura kwas ko aikin jakadanci waje na shekara uku ko huɗu, ya bar motarsa a gida. Akwai hadimin minista ko na ɗan majalisa da aka ba motar ofis, ya ajiye tasa ko ya sayar. Wannan ya fi kowa shiga ruɗu, domin kullum yana tuƙi, kullum kuma motar da yake ciki tana da inshora. Sai dai inshorar da sunan ofis take, cikin jerin motocin hukuma, ba ta rubuta masa komai a nasa littafin. Ranar da wa'adin maigida ya ƙare aka karɓe makulli, sai ya fito da shekara huɗu na tuƙi da babu takardar da ke ɗauke da sunansa. Akwai kuma mai ritaya, wanda ya cika shekara 35 a aiki ko 60 a duniya, ya kwashe kayansa ya koma gida yana jiran haƙƙoƙinsa. A irin wannan jira inshorar mota ce farkon abin da ake yankewa.

Wani giɓin kuma na kwanaki ne, amma giɓi ne. Tun 1 ga Janairun 2013 NAICOM ke aiwatar da ƙa'idar nan da ke cewa in ba a biya kuɗi ba babu kariya. Alkawarin cewa za a biya idan albashi ya shigo ba ya riƙe inshora. Wanda takardarsa ta ƙare ranar 20 ga wata, ya jira albashin ranar 28, ya yi kwana takwas yana tuƙi a buɗe, haɗarin da ya faru a cikinsu kuma nasa ne shi kaɗai.

Mafi muni shi ne giɓin da mai shi bai san da shi ba. Galibin ofisoshin kamfanonin inshora suna Kaduna ko Jos ko Abuja. Mutumin Zonkwa ko Kagoro da ke son sabunta takardun mota yakan miƙa kuɗi ga wani ɗan tsakani, a dawo masa da takardu a haɗe, har da wata mai tambari da sunan inshora. Wani lokacin ta gaske ce, wani lokacin kuma takarda ce kawai da aka buga a shagon kwamfuta. Araha ba ta ado. Mai irin wannan takarda yana iya yin shekaru yana zaton yana tara tarihi, alhali babu kamfanin da ya taɓa jin sunansa. Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai mai suna NIID inda ake shigar da kowace inshorar mota ta gaskiya, kuma kowa na iya duba lambar motarsa a shafin askniid.org ko ta danna *565*11# a waya. Minti biyu ne, ya kamata kuma a yi shi kafin ɗan tsakanin ya bar wurin.

Yadda wasu ƙasashe ke auna giɓi

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba, kuma duba yadda wasu suka tsara ta yana nuna abin da ya dace mutum ya tambaya a nan. A Birtaniya, inda tsarin inshorarmu ya samo asali, yawancin kamfanoni suna karɓar shaidar rashin neman diyya har shekara biyu bayan ƙarewar inshora. Bayan haka sai wanda ya ga dama. Can kuma tun 2011 doka ta wajabta wa kowace mota mai rajista zama da inshora, sai idan mai ita ya sanar da hukuma cewa ya janye ta daga hanya. A Indiya wa'adin ya fi gajarta: idan ba a sabunta ba cikin kwana 90, rangwamen ya tafi. Amma wanda ya sayar da motarsa yana iya karɓar takardar ajiyar rangwame da ke aiki har shekara uku. A Faransa kamfani yana ba mai mota takardar tarihinsa idan ya nema, ita ce kuma yake kaiwa duk kamfanin da zai koma.

Wa'adin ya bambanta, amma abu guda ya haɗa su: takarda ce ke ɗaukar tarihi daga wannan gaɓa zuwa waccan, ana kuma karɓarta ne tun kafin a tsallaka. Jami'in da aka tura aiki London ko New Delhi ya kamata ya tafi da wasiƙar kamfaninsa na gida, ya kuma dawo da ta kamfanin da ya yi hulɗa da shi a can.

Masu mu'amala da takaful, irin wanda kamfanonin Jaiz Takaful da Noor Takaful ke gudanarwa, suna da nasu salon ladan. A can ana raba rarar asusu ne ga mahalartan da ba su nemi diyya ba. Sunan ya bambanta, amma ƙa'idar ɗaya ce: wanda ya fita daga asusu ba ya cikin rabon shekarun da ba ya nan.

Motar da aka ajiye ba barci take ba

Sai da muka zauna da mahaifiyarmu muka ji tarihin motar na wata ashirin da shida. Sau uku ta fita. Wani ɗan yayarmu ya aro batir ya kai wata maƙwabciya mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Ya sake fita da ita ranar wani biki a Madakiya. Karo na uku buhunan citta ya ɗauko wa wani abokinsa daga gona, aka ba shi kuɗin mai.

Yayana ya dafe kai. "Mama, ai na ce kada kowa ya taɓa ta."

Ta dube shi ta ce, "Ɗana, mace tana naƙuda a ƙofar gidana, mota tana bayan ɗaki, makulli yana hannuna. Kai da kana nan me za ka yi?"

Bai amsa ba, domin babu amsa. Duk wanda ya san garuruwanmu ya san mota a gida ta unguwa ce. Jirgin ƙasan da ya raya Zonkwa da Kafanchan ba ya cikin lissafin mai gaggawa a yau, motar da ke kusa ita ce motar asibiti. Amma a duk fita ukun nan babu inshora ko ta tilas. Da yaron ya buge mai babur, da diyyar rai ko ta rauni ta faɗo kan gidanmu kai tsaye. Fita ta uku ma ta zo ne bayan 1 ga Fabrairun 2025, ranar da rundunar 'yan sanda ƙarƙashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun ta fara tilasta inshorar a faɗin ƙasa, tana mai tuni da hukuncin da dokar inshora ta 2003 ta tanada: tarar naira 250,000, ko ɗaurin shekara guda, ko duka biyun. Ko da inshorar tana raye, ɗaukar kaya don kuɗi a motar da aka yi wa rajistar amfanin gida yana iya ba kamfani hujjar ƙin biya.

Ko motar ba ta motsa ba, akwai abin da ke iya samunta. Gobarar daji a lokacin hunturu ba ta tambayar ko injin yana aiki. Reshen mangwaro yana karyewa da guguwar farkon damina. Ɓarawo ya fi son motar da babu mai duba ta kullum. Akwai kuma abin da mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a tuna musu tun bayan Afrilun 2011: tarzoma tana cin dukiya, kuma inshorar mota ta yau da kullum ba ta biyan asarar tarzoma sai an sayi ƙarin kariya a kanta. Da wani abu daga cikin waɗannan ya faru, da asarar miliyan tara muke magana a kai.

Abin da ya rage masa zafi

Abin da ya ceci yayana hali ne na tsohon ma'aikaci: ba ya zubar da takarda. A cikin wani fayil da ke ɗakinsa na Kubwa muka samu satifiket shida na inshora, da rasit na kowace shekara, da takardun sabuntawa guda huɗu waɗanda ke nuna rangwamen yana hawa. Da su ya rubuta wa tsohon kamfaninsa wasiƙa yana neman su tabbatar a rubuce cewa daga 2017 zuwa 2023 bai nemi diyya ba. Bayan mako biyu da ziyara biyu suka ba shi. Jami'ar da ta miƙa masa wasiƙar ta ce, "Ranka ya daɗe, da ka rubuto mana tun lokacin da za ka ajiye motar, da maganar ba ta kai haka ba."

Ya kai wasiƙar wurin wani dillalin inshora mai rajista, wanda ya gabatar da ita ga kamfanoni uku. Ɗaya ya ce giɓin ya yi tsawo. Ɗaya bai sauka daga farashinsa ba. Na uku ya turo a duba motar, ya ɗauki hotunanta, ya yi tambaya ko ta yi haɗari a lokacin da take ajiye, sannan ya amince da kashi 6, wato naira 540,000, tare da rubutaccen alkawarin saukowa kashi 5 idan shekara ta zagayo lafiya. Yayana ya faɗa musu gaskiyar fita ukun nan. Yarjejeniyar inshora a kan gaskiya ake ƙulla ta, wanda ya ɓoye abu don ya samu rangwame kuwa yana iya rasa diyyar gaba ɗaya ranar da aka gano.

Ya ceto rabin abin da ya rasa. Sauran rabin, naira 90,000, ya tafi. Daga abin da ya same shi, ga abin da ya kamata duk mai shirin jingine mota ya yi.

Ya rubuta wa kamfaninsa tun inshorar tana raye, ya faɗi ranar da zai ajiye motar da inda za ta zauna, ya tambaya wata nawa za su riƙe masa rangwamensa. Amsar baki ba ta da amfani, domin jami'in da ya faɗa maka yana iya barin aiki. A nemi wasiƙa ko imel.

Ya karɓi takardar shaidar rashin neman diyya a lokacin, mai ɗauke da sunansa, da lambar inshora, da adadin shekaru, da kwanan wata. Kada a bari sai an buƙace ta. Kamfanoni ma suna mutuwa: a watan Yunin 2022 NAICOM ta soke lasisin Niger Insurance da Standard Alliance. Sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda aka sanar da sanya mata hannu a watan Agustan 2025, ta ɗaga jarin da ake buƙata daga kamfanonin da ke inshorar dukiya zuwa naira biliyan 15, abin da kan kai ga haɗewar wasu da shuɗewar wasu. Neman tsohon fayil a kamfanin da ya sauya suna ko ya rufe ƙofa aiki ne mai wuya.

Ya sauka mataki maimakon ya fita gaba ɗaya. Tsakanin cikakkiyar inshora da rashinta akwai tsani. Akwai wadda ta haɗa ta tilas da gobara da sata, wadda ta dace da motar da ke zaune. Akwai ta tilas zalla a naira 15,000. Farashin wannan a yanke yake, babu rangwame a cikinsa, amma tana barin sunan mutum a littafin kamfani da rumbun NIID, tana kuma kare gida ranar da makulli ya fita da dare. Shekara biyu na wannan da naira 30,000 za su ci wa yayana. A tambayi kamfani a rubuce ko shekarun ƙaramar inshorar za su riƙe matakin rangwamen da aka kai.

Hadimin da ke tuƙa motar ofis ya nemi wasiƙa daga sashen sufuri, kafin ya bar kujerar, da ke nuna shekarun da ya riƙe motar da cewa ba ta yi haɗari a hannunsa ba. Ba kowane kamfani zai karɓe ta ba, amma mai takarda yana da abin ciniki. Idan yana da motar kansa, gara ya bar inshorarta da sunansa ko da iyali ne ke hawa, ya kuma shigar da sunayen masu tuƙa ta.

Ranar dawowa kuma a sake ƙiyasta motar da farashin kasuwar ranar. Wanda ya rubuta miliyan huɗu don ya rage kuɗin inshora, alhali motarsa ta kai tara, kada ya sa ran abin da ya wuce miliyan huɗun idan aka sace ta. Idan kuma kamfani ya saɓa abin da ya rubuta da hannunsa, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, can ma takarda za su fara tambaya.

Kafin a lulluɓa tamfol

Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sanin darajar tarihin aiki da bai yanke ba. Ya san abin da rashin takarda guda ke yi wa fayil ɗin fansho, ya san wanda ya tafi hutu ba tare da rubutacciyar amincewa ba yana iya dawowa ya tarar an cire sunansa. Inshorar mota ma haka take tafiya. Shekarun da mutum ya yi yana kiyaye hanya, yana haƙuri da masu ganganci, yana biyan ƙananan gyare-gyare daga aljihunsa, dukiya ce da ya tara, kuma wasiƙa guda ta isa ta adana masa ita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yayana ya iso Zonkwa da motarsa ana saura kwana uku shekara ta ƙare, ya kwashi yara zuwa bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu. Da zai koma Abuja, mahaifiyarmu ta tambaye shi ko a ninke tamfol ɗin a ajiye, ko a ba maƙwabci ya shanya citta.

Ya ce, "A ajiye shi, Mama. Ba a san abin da farashin mai zai yi gobe ba. Amma in har zan sake kawo ta, wasiƙa ce za ta riga ta isowa."